Kan Keke a Hannun Masu Gyara na Ajingi

Galibin kekunan da ake turowa rumfar mai gyara a Ajingi faci ne ke kawo su. Ƙasar jigawa ce, tsidau ya baje a hanyoyin gona, ƙayar aduwa da ta magarya na kwance cikin rairayi suna jiran taya. Shi ya sa da an ce mai gyaran keke, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne famfo, da gwangwanin sholisho, da kwanon ruwan da ake tsoma tub a ga inda yake kumfa. Wannan kuwa aikin yaron shago ne. Inda ake gane gwani a sana'ar shi ne wurin kan keke, ƙarfen nan da mahayi ke riƙewa: wane iri ne ya dace da wannan mutumin, yaya faɗinsa zai kasance, a ɗaga shi ko a sauke, a jawo shi kusa ko a tura shi gaba. Aiki ne da ba kasafai ake biyan kuɗinsa ba, amma shi ke raba wanda zai sauka daga keke ya kama noma da wanda zai sauka yana dafe da ƙugu.

Ajingi ƙaramar hukuma ce a jihar Kano mai faɗin murabba'in kilomita 714, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137, a warwatse tsakanin Toranke, Balare, Chula, Gafasa, Kunkurawa, Dundun, Gurduba, Unguwar Bai da ƙauyukan da ke kewaye da su. Gona na nesa da gida, kasuwa na nesa da gona, makarantar sakandare na nesa da duka biyun. Shekarun da mashin ya yi arha an jingine kekuna da yawa a zaure, tayoyinsu suka bushe. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000 a wurare da dama, sai aka koma ana kakkaɓe musu ƙura. Magidancin da ya shekara goma bai taka feda ba ya dawo kan sirdi da jikin da ba na da ba. Irin waɗannan ne suka fi zuwa da kukan wuyan hannu da kafaɗa da gadon baya.

Jikin mahayi wuri uku yake taɓa keke: sirdi, feda da kai. Nauyin da sirdi da feda ba su ɗauka ba, tafin hannu ne ke ɗaukarsa. A cikin tafin nan akwai jijiyoyi biyu da ba sa son matsi. Ɗaya ta bi ta gefen ƙaramin yatsa, idan ta daɗe a danne sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, su riƙa tsiyaki. Ɗayar ta bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita kuma babban yatsa da manuniya da na tsakiya take kashewa, musamman idan wuyan hannun a lanƙwashe yake tsawon tafiya. Mutanenmu idan suka ji haka sai su ce sanyi ne ya shige su, a nemi jiƙo, a nemi man zafi. Mai gyaran da ya san aikinsa kuwa tambaya ɗaya yake yi: “Wane yatsan ne ke mutuwa?” Daga amsar yake gane ko kan ya yi ƙasa ne, ko ya yi nisa, ko kuwa hancin sirdi ne ya sunkuya yana zazzago mutum gaba.

Keken da ƙasar nan ta sani tun kaka da kakanni shi ne baƙin nan mai taya inci 28, mai birkin sanda, mai kariya a baya. Raleigh ne ya kafa sunansa, daga garin Nottingham na Ingila, har kamfanin ya yi masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin ya shigo, da Hero da Avon na garin Ludhiana a Indiya, dukkansu ƙira ɗaya. Kan wannan keke ya tashi sama kaɗan sannan ya lanƙwaso baya wajen mahayi, hannu ya sauka a kansa kamar za a gaisa, baya a miƙe, ido na kallon hanya. Ni dai ban ga kan da ya kai shi dacewa da rayuwar karkara ba. Dattijo da babbar riga zai hau bai naɗe komai ba, hularsa ba za ta faɗi ba, zai ɗaga hannu ya amsa sallama bai karkace ba. Tafiyar kilomita 10 ko 15 a hankali, da buhun gero a kariya, ita aka ƙera shi domin ta.

Sai dai yana da iyaka, kuma masu gyara sun san ta. A irin wannan keke kai da wuya a haɗe suke, ƙarfe ɗaya ne, hannayen birki ma a jikinsa suke. Ba a iya karkata shi sama ko ƙasa, ba a iya matso da shi. Abin da ya rage kawai a ɗaga ko a sauke, shi ma kaɗan, domin duk ɗagawa sai an kwance notin sandunan birki an sake daidaita tsawonsu, in ba haka ba robar birki ta manne da gargare ko ta ƙi kamawa sam. Yaron da bai ƙware ba yakan ɗaga kan ya manta da birkin. Ranar da iska ke kaɗowa daga gabas lokacin hunturu kuma, mai zaune a miƙe ƙirjinsa ne ke tare ta gaba ɗaya, tafiyar Gaya zuwa Ajingi sai ta zama biyu.

Kekunan gwanjo su suka canja sana'ar. Suna shigowa daga Turai da Amurka da Japan, a sauke a Kano, 'yan kasuwa su rarraba su kasuwannin ƙauye. Akwai masu miƙaƙƙen kai da taya mai kauri inci 26, da giya da birkin waya, waɗanda aka yi domin hawa da gangara. Samari sun fi son su, kuma faɗin kansu na taimakawa a rairayi. Matsalarsu ita ce sanda miƙaƙƙiya riƙo ɗaya gare ta, tafin hannu a kife, daga fita har dawowa. Sannan akwai keken tsere, siririn nan mara nauyi mai kai kamar ƙahon rago, irin wanda ake gasar zagaya Faransa da shi tun 1903, kuma mutanen Burkina Faso ke yin tasu gasar da shi tun 1987. Shi ne ya fi ɗaure wa mutane kai, shi ne kuma aka fi yi wa rashin adalci.

Wanda ya fara ganinsa zai ɗauka dole sai an kama can ƙasan lanƙwasar, a duƙa kamar mai neman abin da ya faɗi. Ba haka ba ne. Riƙo uku ke gare shi. Akwai sama, kusa da wuya, inda ake hutawa ko a hau tudu. Akwai kan robar da ta rufe gindin hannun birki, nan masu tsere ma ke yin mafi yawan tafiyarsu, yatsu biyu a kan birki, wuyan hannu a miƙe. Sai ƙasa, wanda ake sauka a kai idan iska ta taso ko ana son gudu. Wannan sauyin riƙo shi ne amfaninsa: kafin jijiya ɗaya ta gaji an canja wuri. Ɗalibi ko malamin makarantar da ke bin kwalta kullum, a ce daga Gaya zuwa Wudil, babu kan da zai fi masa wannan, matuƙar an daidaita masa shi da jikinsa. Wanda hanyarsa burji ce da yashi, da jarkoki a baya, bai kamata ma a sayar masa da keken ba, don siririyar taya nutsewa take yi.

Ga yadda gwani ke yi idan aka kawo masa sabon saye. Ba ya taɓa kan tukuna. “Hau mu gani, Malam,” zai ce, ya riƙe keken ta baya. Ya sa mutum ya ɗora dunduniya a kan feda, ya juya ta har ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe cif ba tare da ƙugu ya karkace ba, tsawon sirdi ya yi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sirdin ya ji ko a kwance yake daidai. Sai bayan nan ya dubi gaba. Wasu na sa gwiwar hannun mahayi a hancin sirdi, su ga inda yatsu suka kai; idan tsakanin sirdi da kai ya zarce kamu ɗaya da 'yan yatsu, sun san akwai nisa. Wannan awon kusa-kusa ne, ba ya isa shi kaɗai. Don haka sai ya ce, “Je ka kewayo bishiyar can ka dawo,” ya tsaya ya zuba ido. Abin da yake kallo uku ne. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe ko ta sanƙare? Kafaɗu sun sauka ko sun haura wajen kunne? Mutumin yana zaune a faffaɗan sirdi ko yana ta zamowa hancinsa? Gwiwar hannun da ta sanƙare na nufin duk ramin da taya ta faɗa zai wuce kai tsaye zuwa wuya.

Faɗi shi ne abu na gaba. Kan keken tsere yana zuwa daga santimita 36 zuwa 46, ana aunawa daga tsakiyar bututun dama zuwa tsakiyar na hagu. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce ya yi daidai da tazarar ƙasusuwan nan biyu da ke tsini a saman kafaɗa. Yawancin maza manya 40 ko 42 ke yi musu, mai ƙaramin jiki 36 ko 38. Kekunan gwanjo da yawa kuwa na dogayen mutane ne masu faɗin ƙirji, sai ka ga yaro ɗan aji uku a sakandare ya baje hannuwa a kan mai 44, tsakanin kafaɗunsa na zafi bai san dalili ba. Mai gyara ba lallai ya mallaki tef ɗin awo ba. Igiya yake ɗauka ya gwada kafaɗa, ya ƙulla, ya ɗora a kan keken. Manomi ba ya karɓar ƙotar fartanya sai ya jinjina ta a hannunsa ya ji ta zauna. Haka ya kamata a yi wa kan keke, amma sai a saye shi don fenti.

Akwai kuma zurfin lanƙwasar da nisanta. Na zamani gajeru ne: daga sandar sama zuwa inda lanƙwasa ta ƙare a gaba santimita 7 zuwa 8, daga sama zuwa ƙasa 12 zuwa 13. Tsofaffin ƙira sun fi haka zurfi, 14 ko sama, kuma su ne suka fi yawa a gwanjo. Ga mai gajeren hannu ko mai taurin baya, santimita biyun nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan babu halin sauya kan, gwani yakan sassauta notin wuya ya ɗan juyo shi sama kaɗan, ya kwance kaset ɗin da aka naɗe shi da shi, ya matso da hannayen birki baya har robarsu ta yi layi ɗaya da sandar sama. Aikin minti kaɗan ne da alanki, amma mutum zai hau ya ce kamar an canja masa keke.

Abin da ba na so, kuma ana yawan yinsa, shi ne kifar da kan gaba ɗaya, ƙahonin su dubi sama. Dalilin a fili yake, mutum na son ya zauna a miƙe. To amma hannayen birki sun koma inda yatsa ba ya kai musu da sauri, kuma idan aka ja su nauyin jiki na tafiya gaba ne a kan hannun da ke ja, sai birki ya kama fiye da yadda aka nufa. Akuya ta gitta, sai ƙasa. Wanda ke son zama a miƙe gara a cire masa kan a sa mai lanƙwasowa baya.

A nan ne kuma ilimin ƙarfe ke shigowa, domin ba kowane kai ne ke shiga kowane wuya ba. Kaurin tsakiyar kai, inda wuya ke cafke shi, iri-iri ne: milimita 25.4 a yawancin kekunan gari da tsofaffin masu miƙaƙƙen kai, 26 a tsofaffin kekunan tsere, 31.8 a na zamani. Wurin riƙo ma ya bambanta, 22.2 a miƙaƙƙen kai, 23.8 a mai ƙahon rago, shi ya sa hannun birkin wannan ba ya zama a wancan. Bambancin 25.4 da 26 ido ba ya ganinsa, amma noti na ganinsa. Idan kai ya yi wa wuya siriri, mai gyara na gari yakan yanka gwangwanin lemo ya naɗa a tsakani, ƙarfe ya ciji ƙarfe. Mai gaggawa kuma sai ya cusa guntun tub. Roba tana riƙewa a rumfa, ta saki a hanya: rana ta yi zafi, a faɗa rami, kan ya juye ƙasa da mahayi a kansa. Idan kuwa kai ne ya fi wuya kauri, babu dabara. Buɗe bakin wuya da guduma fasa shi ne.

Wuyan kansa yana da layin da ba a ƙetarewa. A tsofaffin kekuna wuya sanda ce da ke shiga cikin fok, dogon noti ya jawo wani ɗan ƙarfe mai gangare daga ƙasa ya cije. A jikin sandar akwai zane da masana'anta ta yi, alamar iyakar ɗagawa. Dogon mutum zai zo ya ce, “Oga, ƙara ɗaga min.” Mai gyaran kirki zai nuna masa zanen da farce ya ce, “Alhaji, daga nan babu ƙari, sai dai a nemo dogon wuya.” Ba rowa ba ce. Idan aka wuce layin, abin da ya rage a ciki bai isa ya riƙe ba, ko wuyan ya karye ko ya fasa bakin fok, kuma ba ya sallama kafin ya yi. Sababbin kekuna ma tsarinsu daban ne, wuyan cafkar bututun fok yake yi daga waje, ba a zaro shi sama. Sai dai a kifa shi ya dubi sama, ko a sauya zobban da ke ƙarƙashinsa. Na sha ganin an kwance notin saman irin wannan ana jan kai da ƙarfi, ana mamakin ya ƙi tashi.

Yankin Gaya, maƙwabciyar Ajingi, ba baƙon ƙarfe ba ne. Tarihin baka ya ce a Gaya maƙera suka ƙera wa Bayajidda wuƙa, kuma maƙeran Abagayawa daga nan suka tafi Dala neman tama. Wannan sabo da wuta da guduma na nan a hannun mutane, kuma yana da amfani: kan baƙin keke idan ya ɗan lanƙwashe a faɗuwa, a zura masa bututu a miƙe shi, ya ci gaba da aiki. Amma kekunan gwanjo da yawa kansu na alminiyom ne, shi kuwa halinsa daban. Idan ya lanƙwashe aka miƙe shi, ya riga ya raunana a ciki, wata rana zai ɓalle ne kawai. Mai waldar bakin kasuwa ma ba ya iya masa. Gumi kuma na cin sa a ƙarƙashin naɗi. Duk wanda zai sayi keken tsere na hannu ya sa a warware kaset ɗin, in ya ga farin gari da ƙananan ramuka kusa da hannun birki, ya ƙara kuɗin sabon kai a lissafinsa. Mai gyaran da zai ce wa talaka “wannan ba ya gyaruwa, jefar da shi” yana bukatar ƙarfin hali, don mai keken zai iya tafiya rumfar gaba a yi masa yadda yake so.

Sai ɗabi'ar rataye kaya. Ledar cefane, galan ɗin manja, kaji a ɗaure da ƙafa, duk a kan kai. Nauyi a gefe ɗaya na jan taya, nauyi mai lilo ya fi muni, kuma a rairayi inda tayar gaba ke neman zamewa dama can, hannu ne ke biyan bashin. Wurin kaya kariya ne, ko kwandon da aka ɗaure da ƙarfe zuwa gatarin taya.

Yaron da aka kawo koyo yakan fara da famfo da wanke boris a kananzir, ya wuce faci, ya koyi haɗa sarƙa, sannan ɗaurin sifok da miƙe gargare, wanda ake ɗauka shi ne ƙololuwa. Daidaita kai ba a ware masa darasi. Yaro na tsintarsa ne idan maigidansa mai kallon mahayi ne, ba keke kaɗai ba. A ganina nan ne sana'ar ke asara. Kuɗin faci sananne ne, na sa sifok sananne ne, amma wanda ya ɓata rabin sa'a yana sa mutum hawa da sauka har hannunsa ya daina mutuwa, sau da yawa “Allah ya saka” yake samu. Abin da ba a biya ba kuwa yara ba sa ɗokin koyonsa. Ya kamata masu keke su riƙa neman wannan aiki da bakinsu, su kuma biya shi kamar yadda suke biyan kayan gyara.

Waɗanda suka fi bukatarsa yara ne 'yan makaranta. Keken uba ake ba su, ko a sayo babba da gangan wai don su girma da shi. Yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ya rataye a gefe, hannuwansa a sama da kafaɗa, yatsunsa ba sa kai wa birki. Hannayen birkin waya da yawa suna da ɗan ƙaramin noti da ke matso da su kusa da mariƙi, juyi biyu ko uku ya isa. Robar riƙo kuma idan ta cinye har bakin bututu ya fito, a sauya ta, ko a fiƙe guntun itace a toshe ramin tam. Buɗaɗɗen bakin ƙarfe ne ke sukar yaro a ciki idan taya ta juya ya faɗa a kai, kuma raunin na iya zama a can ciki, fata ba ta nuna komai ba sai ɗan zagayen shaida. Yaron da ya yi irin wannan faɗuwa ya kuma ce cikinsa na ciwo, asibiti za a kai shi a ranar.